Daga Kallon Shamuwa Zuwa Digiri na Biyu

Manomin Funtuwa ko Malumfashi ba ya jiran rediyo ya gaya masa damina ta ƙarato. Da ya ga shamuwa ta fara sheƙa a bishiyoyin gari, sai ya shiga sharar gona. Amma tambayi dattawa rabonsu da ganin ungulu a mahauta, za ka ji an yi shiru ana lissafi. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka sani cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta, kamar yadda shamuwa ke rage mana fara a gona.

Kafin a ceci tsuntsu, sai an san inda yake da inda ya ɓace. Shi ya sa aka fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa-kai zai zagaya gida ɗaya na aƙalla awa biyu, ya shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa a manhajar BirdLasser ta waya. Ba a neman takardar shaida, ido da haƙuri kawai ake so. Gidan da babu wanda ya leƙa kuwa, fayau yake zama a taswirar.

Masu kula da shirin su ne cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga, kusa da Jos. Reshe ce ta Jami'ar Jos, kuma da tallafin gidauniyar Leventis tana ba da digiri na biyu a fannin kare halittu. Ɗalibanta na amfani da irin bayanan da 'yan sa-kai suka tara wajen bincikensu.

Hanyar zuwa can daga ajinku ta fara. Ku riƙe bayoloji da kemistiri, kada kuma ku yi wasa da lissafi, domin bincike ƙidaya ne. Sai digiri na farko a kimiyyar dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ko fannin gandun daji da namun dawa a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma.

Ko babu waya, littafin rubutu ya isa a fara. Ku rubuta rana, wuri, sunan tsuntsu da yawansa. Sunan da ya ɓace muku ku tambayi kakanni. Ku tafi a ƙungiya tare da malami, ku tsaya kusa da gari ko bakin dam irin na Mairuwa, kada ku kutsa daji saboda halin tsaro. Danƙo kuma a bar shi a gida. Aikin farko mai sauƙi ne: ranar da shamuwa ta fara sauka a garinku bana, ku rubuta kwanan watan.