Shafen bangon gida daga waje: abin da ya kamata maigida ya sani

Gudel tsohon ƙauyen Zabarmawa ne a bakin kogin Isa, wanda a yau ya zama unguwa a cikin birnin Yamai. Wanda ya bi lungunanta zai ga gidajen ƙasa da na bulo suna maƙwabtaka da juna. Zai kuma ga bangaye da yawa da aka yi wa fenti bara ko bara waccan, amma sun riga sun kumbura suna ɓarewa. Galibi ba fentin ne ke da laifi ba. An shafa shi ne a kan bangon da ba a gyara ba, ko wanda bai bushe ba, ko kuwa wanda ba irin shafen da ya dace da shi ke nan ba.

A fara da sanin abokin gaba, wato ruwa. Ruwan da ke sauka a Yamai a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, amma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma da ƙarfi. Hadari yakan taso daga gabas da iska mai tsanani, shi ya sa bangon gabas ya fi saura cin wuya. Maigida ya zagaya gidansa ya duba, zai tarar haka ne. Ruwa na biyu shi ne wanda ke hawowa daga ƙasa. A unguwannin bakin kogi laima takan bi gindin bango ta hau, ta bar wani farin gari kamar kanwa. A watan Satumba na 2020 kogin ya cika har ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, gidajen ƙasa masu yawa suka rushe a birnin. Duk bangon da ya taɓa tsayawa cikin ruwa yana buƙatar watanni kafin cikinsa ya bushe, ko da fuskarsa ta yi kamar ta bushe.

Don haka aikin farko ba na burushi ba ne. A gyara indararo domin ya jefa ruwa nesa da bango. A cike gindin bango da ƙasa, a daddale, a karkata shi yadda ruwa zai gangara waje. A kankare duk abin da ya saki, a buɗe tsaga a jiƙa ta, sa'an nan a cike ta. Bangon ƙasa da ƙasa ake cike shi, na bulo kuwa da siminti.

Bangon ƙasa

A nan ne aka fi yin asara. Ginin ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita in rana ta fito. Idan aka rufe shi da abin da ba ya barin laima ta fita, sai ta taru a ciki. Mutane da yawa suna yaɓe ginin ƙasa da siminti, sa'an nan su bi shi da fentin mai, suna ganin sun huta ke nan. Amma siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Bayan ƴan shekaru sai simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya riƙa cin bangon a ɓoye. Maigida yana ganin fuska mai sheƙi, alhali ciki ya zama taɓo. In aka ƙwanƙwasa yaɓen aka ji yana amo kamar ganga, to ya rabu da bangon.

Maginan Hausa na dā sun san wannan. A Damagaram da Kano da Zariya sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su haɗa ta da ƙasar yaɓe ko su shafe bango da ita. Tana ba shi launin ƙasa mai duhu, tana kuma sa ruwa ya zame. Masu hali sukan yi laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashi da dafara. Ba shafe ne na har abada ba, ana sabunta shi, sai dai kayansa na gida ne. Kada kuma a ɗauka ginin ƙasa aikin baya ne: masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Wanda ke son farin bango, ya yi amfani da farar ƙasa. Tana da araha, tana barin bango ya yi numfashi, farinta kuma yana mayar da zafin rana, ɗaki ya ɗan yi sanyi. A jiƙa ta ta kwana, a dama, a tace, a tsinka ta har ta yi ruwa-ruwa kamar madara. A yayyafa wa bango ruwa kafin a fara. Shafe na farko zai yi kamar ba a yi komai ba. A yi haƙuri, sai ya bushe farinsa ke fitowa. Shafe siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri tsagewa yake yi. Irin da ake sayarwa a buhu tana cin fata, tana iya lahanta ido. A kare hannu da ido, in kuwa ta fantsama a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Bangon bulo

Sabon yaɓen siminti a ba shi kamar mako 4 kafin a shafa masa komai. Fentin ruwa da aka yi domin waje shi ya fi dacewa da shi. Fentin mai a bar wa ƙofa da taga na ƙarfe.

Kafin a tafi kasuwar Katako sayen kaya, a yi lissafi a gida. A auna tsawon bango da tsayinsa, a ninka. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3, fuskarsa murabba'in mita 30 ce. Lita ɗaya takan shafe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, ke nan ana buƙatar lita 3 zuwa 4 a shafe ɗaya, kuma sau biyu ake yi. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Ana rubuta wannan adadi a jikin gwangwani, tare da yawan ruwan da za a ƙara. A karanta, ko a sa wani ya karanta. Mai aikin da ya cika wa fenti ruwa don ya yi auki, damina ɗaya za ta tona shi.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi ta manne a ɗanyen fenti. A bazara zafin Yamai yakan haura digiri 40, fenti ya bushe kafin ya kama bango. In ya zama dole a yi a lokacin, a fara da sassafe, a riƙa bin gefen da ke cikin inuwa.

Hattara da dalma

Wasu fentocin mai, musamman tsofaffi masu launin ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a jihar Zamfara ta Najeriya. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya taɓa, ya kai hannu baki.

Saboda haka kada a goge tsohon fentin mai a bushe, kada a ƙona shi da wuta. A jiƙa shi kafin a kankare, a shimfiɗa leda a gindin bango a tattara ɓawon. Yara da mata masu juna biyu su nisanci wurin har a gama shara. Mai aiki ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya kuma wanke tufafin aikinsa daban. Gwangwanin da ya ƙare kuwa, kada uwargida ta mayar da shi mazubin ruwan sha ko na gero, ko da an wanke shi.