Ruwan Indararo da Bukatar Mazauna Abuja

Duk wanda ya yi damina a Abuja ya san Allah Maɗaukakin Sarki bai hana wannan gari ruwa ba, gama tun daga watan Afirilu har zuwa Oktoba hadari yakan taso daga gabas ya sauke abin da masana suka ƙiyasta tsakanin milimita 1,100 da 1,600 a shekara, har wata sa'a ya yi ambaliya a Lokogoma da Lugbe ya ci dukiyar bayin Allah. Amma duk da wannan ni'ima, in ka shiga Nyanya ko Karu ko Mpape da hantsi, sai ka iske 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki, matan gida na tsaye a bakin ƙofa suna ciniki, alhali ruwan daren jiya bai gama tsanewa daga lambatu ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Birnin ya dogara ne ga madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa, wadda ake ƙara wa ruwa ta bututu daga madatsar Gurara a Jihar Kaduna. To tun da gwamnati ta taso daga Ikko a 1991 jama'a suke kwararowa, unguwanni suka yi ta tsirowa a inda famfo bai kai ba, mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, marar hali ya saya a hannunsa.

Bari mu yi ɗan hisabi. Milimita ɗaya ta ruwa in ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita guda ke nan cif. Saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka sami milimita 1,200, ya karɓi lita 120,000. Ko da an cire humusi sabili da abin da ya fantsama da wanda aka zubar da gangan, saura 96,000, watau jarka mai lita 25 fiye da 3,800. Barin wannan ya bi rariya, a ganina, almubazzaranci ne, ko da kuwa ba da nufi aka yi shi ba.

Ba kuwa bidi'a muka zo da ita ba. Almajirin da ya karanta Risala ya san ruwan sama tsarkakakke ne mai tsarkakewa, kuma malaman tarihi sun hakaito yadda Zubaida, matar Halifa Haruna Rashidu, ta sa aka gina tafkuna na tara ruwan sama a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka. Iyayenmu ma randa da tulu suke jerawa a ƙarƙashin indararo.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa. Rufin da ya sha ƙurar hunturu, ga kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, wajibi ne a bar ruwan farko ya wanke shi ya tafi kafin a juya bututu zuwa tanki. A sa raga a bakin mashigar don ganye, a rufe tankin ruf don kada sauro ya yi ƙwai, sa'an nan abin da za a sha a tafasa shi ko a sa masa kilorin. Wanki da wanka da alwala da ban ɗaki kuwa, waɗanda su ne ke cinye galibin ruwan gida, ba su bukatar wannan wahala.

Babu tankin talaka da zai ratsa da shi watanni biyar na rani, don haka wannan taimako ne, bai ɗauke wa Hukumar Ruwa nauyinta ba. Babbar mushkila kuma ita ce yawancin mazauna waɗannan unguwanni 'yan haya ne: wanda ke shan tsadar garuwa ba shi da iko da rufi, wanda ke da iko da rufi kuwa ba ya shan tsadar. Jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya ta wajabta tara ruwan sama a gine-gine a 2003, kuma ban ga abin da zai hana hukumar da ke ba da iznin gini a Abuja ta shardanta indararo da tanki ga kowane sabon gida ba. Kafin nan, masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya, masu faffaɗan rufi da yawan masu alwala, su ne suka fi cancanta su fara, kwamitin kowane masallaci ya sa kuɗin tanki cikin abin da zai nema wajen jama'a kafin damina mai zuwa.