Madarunfa: Gari Mai Tabki da Kaburburan Waliyyai

Duk wanda ya bar birnin Maradi ya nufi kudu, bayan tafiyar kimanin kilomita 25 zai iske Madarunfa. Garin ƙarami ne, amma shi ne babban garin gunduma, kuma ƙasarsa ta yi iyaka da Najeriya ta wajen Ɗan Isa.

Baƙon da ya sauka da sassafe, abin da zai fara gani shi ne bariki. Nan ne ofishin shugaban gunduma, da na jandarma, da na ma'aikatan gona da gandun daji. Tun kafin a buɗe ƙofa mutanen ƙauyuka ke zaune a inuwa suna jira: wani ya zo neman takardar haihuwa don ya sa ɗansa lakol, wani kuwa rigimar iyakar gona ce ta kawo shi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yakan karanta takardarsa da kansa kafin ya sa hannu. Wanda bai yi ba, sai dai ya dogara da abin da aka faɗa masa.

Mafi yawan mazauna garin Katsinawa ne. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta sun yo arewa, daga baya suka kafa Maradi. Shi ya sa har yau gidaje da yawa ke da dangi a ƙetaren iyaka.

Amma abin da ya fid da sunan Madarunfa shi ne tabkinta. Ruwan damina da ke biyo gulabe shi ke cika shi, ya kuwa daɗe yana ciyar da jama'a. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa, mata suna soyawa suna kai wa kasuwa. Idan ruwa ya ja da baya, manoman rani sukan bi laimar da ya bari su yi shuka. Makiyaya kuma nan suke shayar da dabbobinsu. Lokacin ɗari tsuntsaye sukan zo daga ƙasashe masu nisa su sauka a bakinsa.

A kewayen tabkin akwai kaburburan da mutanen garin ke cewa na waliyyai 99 ne, waɗanda ake zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya. A 2006 hukumomin Nijar sun gabatar wa UNESCO tabkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da suke so a sa cikin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma aka sa tabkin ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kare fadamu da tabkuna.

Sai dai takarda ba ta tare rairayi. Idan aka sare itatuwa aka nome gaɓa, ruwan sama yakan kwaso ƙasa ya zuba cikin tabki, zurfinsa ya ragu, kifi ya yi ƙaranci. Ga kuma madatsar Jibiya da aka gina a Najeriya, wadda ke riƙe wani kashi na ruwan Gulbin Maradi. Masunci da ke jefa raga mai ƙananan idanu shi ma yana da nasa laifi, domin kifin baɗi yake kamawa bana.

Saboda haka aikin ba na bariki kaɗai ba ne. Wajibi ne ma'aikata su bar tebur su gangara bakin ruwa, su zauna da sarkin ruwa da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata, a tsai da lokacin hutun su, a dasa itatuwa a gaɓa, a kuma rubuta dokokin da Hausa domin kowa ya karanta. Manoma su ma su bar wa gaɓa rabonta. Idan tabkin ya cike, ofisoshi za su ci gaba da buɗewa, amma masunci da makiyayi da mai lambu sai su nemi wata ƙasa.