Bakaniken Da Ya Zama Zakaran Tseren Babur Na Duniya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu da ke sana'ar gyaran babur ya rubuto yana cewa, ya ji an ce akwai wani Bajamushe da ya fara da kanikanci, daga baya ya zama zakaran tseren babur na duniya. Shin gaskiya ne? Wane ne shi?

AMSA: To malam, gaskiya aka gaya maka. Sunan mutumin Anton Mang, amma an fi saninsa da Toni Mang. An haife shi a 1949 a garin Inning da ke jihar Bavariya, a kudancin Jamus.

Kafin ya yi suna, Mang yaron gyara ne a wurin Dieter Braun, wani Bajamushen da ya ci gasar duniya a 1970 da 1973. Shi ke kwance inji, ya wanke, ya ɗaure, maigida ya hau. Har shi da abokansa biyu suka ƙera babur nasu na tsere. Ka ga ke nan ya san cikin inji tun kafin ya san daɗin nasara.

Bari in yi maka bayanin yadda gasar take. A zamaninsa ana raba babura aji-aji bisa girman inji, wato si-si, kamar 125, 250, 350 da 500. Ana zagaya ƙasashe ana tsere a kan hanyar kwalta da aka killace, kowane tsere a ba da maki. Wanda makinsa ya fi yawa a ƙarshen shekara shi ne zakara.

Mang ya ci babban tserensa na farko a 1976 a filin Nürburgring na ƙasarsu. Daga 1978 ya koma hawan Kawasaki, kuma a kansa ya ci kambin ajin 250 a 1980. A 1981 ya haɗa biyu, 250 da 350, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara na Jamus ta Yamma. A 1982 ya sake cin 350, amma 250 ya kuɓuce masa da maki ɗaya tak, wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Tournadre ya ɗauke.

Daga nan fa sai abubuwa suka juya. A 1983 ya ji mummunan rauni wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya kuma shiga ajin 500 bai yi abin kirki ba. Shekara huɗu babu kambi, ga shekaru suna ja. Amma a 1987, yana wajen shekara 38, sai ya hau Honda ya ci tsere 8 cikin 15, ya ɗauki kambinsa na biyar a gaban samari. A 1988 ya yi mummunar faɗuwa a Rijeka, cikin Yugoslabiya ta wancan lokaci, daga nan ya ajiye tsere. Jimillar manyan tseren da ya ci 42 ne.

Saboda haka malam, kada ka raina sifanar da ke hannunka. Wanda ya san kukan inji yakan gane matsala tun kafin ta kayar da shi.

Sai dai ina jan kunnen samarinmu masu babur. Su Mang suna tsere ne da hular kwano da rigar fata, ga likitoci a gefe, babu mota, babu jaki, babu yaro mai tsallaka hanya, amma duk da haka faɗuwa ce ta raba shi da sana'ar. To ina ga mai gudu a hanyar kasuwa da buhun masara a baya? Allah ya kiyaye mu, amin.