Babur ɗin Ruwa na Farko: Sabo Za a Saya ko Na Hannu?

A Amurka da Kanada, inda cinikin babur ɗin ruwa ya fi ƙarfi, da zarar hunturu ya ja baya jama'a suka fara tururuwa zuwa tafkuna da bakin teku, sai kasuwarsa ta buɗe. Kamfanoni uku ne ke riƙe da ita: Kawasaki na Japan, wanda ya fito da Jet Ski a 1973, da Yamaha mai WaveRunner tun 1986, sai BRP na Kanada mai Sea-Doo. Wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana son mallakar na farko yakan tsaya tsakanin shagon dillali, inda sabo ke ƙyalli, da ƙofar gidan wani da ke neman rabuwa da nasa. Ra'ayina a nan shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya nemi na hannu wanda bai tsufa ba, mai injin sassauƙa, ya gwada shi a kan ruwa kafin ya biya, kuma kada ya ƙarar da duk abin da ke aljihunsa a ranar ciniki. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya faskara, ƙaramin sabo ya fi masa alheri.

Dalilin sharuɗɗan yana cikin yadda abin ke aiki. Babur ɗin ruwa ba shi da farfela a waje irin ta kwalekwale mai inji. Famfo ne a cikinsa yake zuƙo ruwa ta ƙasa, farfelar ciki ta matsa shi, ya fita ta baya da ƙarfi ya tura babur ɗin gaba. Injin yana juyawa sau dubu bakwai zuwa takwas a minti idan an matse totur, kuma yana zaune ne a rufe cikin danshi. Ana auna shekarunsa da awannin da ya yi yana aiki, shi ya sa masu saye ke rububin wanda awanninsa ba su da yawa. Amma ƙarancin awanni kaɗai ba ya nuna lafiya. Ajiya ta fi hawa kashe waɗannan injina. Fetur ɗin Amurka galibi yana da gaurayen etanol, wanda ke jan danshi idan ya daɗe a tanki. A jihohin arewa masu ƙanƙara, ruwan da aka bari a cikin bututun injin yakan daskare ya tsaga ƙarfe. Ruwan gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi a hankali, musamman a injinan Yamaha da Kawasaki da ke sanyaya kansu da ruwan da suke tafiya a kai, muddin mai shi bai riƙa ɗauraye cikinsu da ruwan famfo bayan kowane hawa ba. Saboda haka babur mai awa 150 da takardun sabis a jere ya fi mai awa 40 da ya shekara uku a bayan gida babu mai waiwayarsa.

Ta fuskar kuɗi, hujjar na hannu a fili take. Sabo yana zubar da mafi yawan darajarsa ne a shekarun farko, kuma farashin da ake tallatawa ba shi ne abin da za a biya ba. Dillali zai ɗora kuɗin jigila da na haɗawa, tirelar da za a ja shi da ita zuwa bakin ruwa daban ake sayenta, ga haraji da rajista da inshora da rigar kariya daga nutsewa, wadda doka ta wajabta wa duk wanda ya hau. Mai sayar da na hannu kuwa sau da yawa yakan haɗa da tirela da murfi. Akwai kuma wani abu da sabon shiga ba ya hange: babur ɗin ruwa ba ya karɓar juyi yadda ya kamata idan an saki totur, domin ruwan da ke fita ta baya shi ne sitiyarinsa. Ɗan koyo da ya tsorata yakan saki totur daidai lokacin da yake buƙatarsa, sai ya daki mashigi ko ya gogi dutse. Irin wannan tabo ya fi sauƙin haɗiyewa a jikin abin da wani ya riga ya ɗauki asarar sabuntarsa.

Sai dai na hannu suna suka tara, kuma nan ne akasarin masu saye ke faɗawa rami. Akwai iyaka a shekarar 2002, lokacin da Yamaha da Sea-Doo da Honda suka shigo da injin mai bugu huɗu, irin tsarin na mota. Kafin nan duk masu bugu biyu ne, masu ƙona fetur haɗe da mai, suna zubar da wani kaso nasa a ruwa ba tare da ya ƙone ba. Su ne ake samu yau da arha ƙwarai, kuma masu kare su kan ce kowane bakanike zai iya kwance su ya ɗaura. Gaskiya ne, amma sauƙin gyara riba ce ga wanda ya iya gyaran da hannunsa. Wanda zai biya wani, kuɗin aiki da kayan gyara kan zarce kuɗin babur ɗin tun kafin bazara ta ƙare. Ƙari a kan haka, an hana masu kabureta shiga tafkin Tahoe tun 1999, kuma daga 2013 tafkin Mead ya rufe ƙofa ga duk wanda bai cika ƙa'idar hayaƙi ta 2006 ba. Kamfanin Polaris ya daina ƙera babur ɗin ruwa a 2004, Honda ya bi bayansa a 2009, don haka kayan gyaransu sai an yi cigiya. Araha ba ta ado. Ramin na biyu ya fi jan hankali: manyan babura masu sufacaja, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska har ya kai gudun kilomita 100 a awa ko fiye. Tsofaffin Sea-Doo na wannan aji ana buƙatar sake ɗaura na'urar bayan kowace awa 100, kuma idan ta tarwatse ɓaraguzanta na iya shiga cikin injin su lalata shi gaba ɗaya. Suna son fetur mai tsada, suna kuma shansa kamar ba gobe. Ɗan koyo ba shi da abin yi da wannan ƙarfi.

Suka mafi nauyi a kan ra'ayina ita ce ta masu cewa zamani ya sauya. A 2014 Sea-Doo ya fito da Spark a kan dala 4,999, mai ƙarfin doki 60 ko 90, da gangar jiki ta roba mara nauyi, sannan Yamaha ya mayar da martani da jerin EX a 2017. Tunda ga sabo dal da garanti a kusan kuɗin na hannu, me zai sa mutum ya sayi ciwon kan wani? Hujja ce mai ƙarfi kuma ban raina ta ba. Amma farashin ya haura sosai tun wancan lokaci, kuma mafi arhar cikinsu ba ya zuwa da birki ko ribas, abubuwan da ɗan koyo ya fi kowa buƙata a bakin mashigi. Sea-Doo ya sa birki a manyan baburansa tun 2009, Yamaha ya kawo nasa tsarin a 2015, wato na hannu mai shekara biyar ko shida na iya zuwa da su, tare da jiki mai nauyi da ya fi zama daram idan ruwa na tashi, da mazaunin mutum uku na gaske. Garantin kuma galibi na shekara guda ne, ga abin da ake hawa 'yan watannin zafi kawai. Yana kare mai saye daga kuskuren masana'anta, ba ya biyan ɓarnar yashi da tsakuwa da famfo ya zuƙa a ruwa mara zurfi.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan gwaji. Tayar da injin a kan tirela ba ya nuna komai, domin famfon ba ya ɗauke da nauyi. A sa shi a ruwa, a ga ko yana tashi nan take in an matse totur. Idan injin na ihu amma babur na jan ƙafa, farfela ko zoben da ke kewaye da ita sun cinye. Bayan an fito a ɗaga mazauni a duba ko ruwa ya taru a ciki, a zaro gejin mai, in ya yi fari kamar madara to ruwa ya shiga injin. Bakanike ya auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Dillali na iya karanta ainihin awannin daga kwamfutar injin. A kuma gwada lambar jiki mai haruffa 12 da ke bayan babur ɗin da wadda ke takarda, saboda abin sata da abin da ke da bashin banki a kansa. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da gwajin ruwa, a bar masa kayansa.

A Najeriya, inda ake ganin waɗannan babura a ruwayen Legas da tafkin Jabi a Abuja, ma'aunin yakan karkata. Mun saba da sayen mota 'yar Kwatano, amma ita ana tuƙa ta a titi kafin a biya, kuma kowace unguwa da garejinta. Babur ɗin da aka yi oda daga ƙetare bisa hoto babu wanda ya gwada shi a ruwa, mai yiwuwa ma daga gwanjon kamfanin inshora ya fito bayan ya nutse, ga masu iya gyaransa 'yan kaɗan, kayan gyara kuma da dala. Wanda ke nan, ko dai ya sayi wanda ya riga ya iso ya hau shi da kansa tare da bakaniken da ya san injin, ko ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin ƙaramin sabo daga dillalin da ke da wurin sabis a cikin ƙasa.