Me ya sa mura da ƙyanda suke yaɗuwa da rani a Bande?

Da zarar hunturu ya shigo a watan Nuwamba, sai tari da mura su cika gidaje a Bande da sauran garuruwan gundumar Magarya, cikin jihar Damagaram. Jama'a kan ɗora wa sanyi laifi, alhali ƙwayoyin cuta na birus ne ke haddasa su. Yanayin dai hanya yake buɗe musu.

Idan mai mura ya yi tari ko atishawa, ƴan ɗigon yawu ne ke fitowa ɗauke da ƙwayar. Da damina iska tana da danshi, ɗigon bai cika daɗewa a sama ba. Da hunturu kuwa yakan bushe nan take, ya ƙanƙance, ya daɗe yana yawo. Ƙura ma tana busar da hanci da maƙogwaro, ta raunana majinar da ke tare ƙwayoyin cuta.

Ga kuma kwanan ɗaka: iyali duka a ɗaki guda, taga a toshe, wani lokaci har da hayaƙin wuta. Ƙwayar ƙyanda tana iya kai awa 2 a iskar ɗaki bayan mai cutar ya fita. A Nijar ƙyanda ta fi tsananta da rani, ta lafa idan damina ta sauka.

Abin yi shi ne a buɗe ƙofa da taga da hantsi iska ta ratsa, a rufe hanci da rawani ko mayafi ranar ƙura, a kai jariri allurar ƙyanda yana wata 9, kada a manta da ta biyu. Yaron da ke zazzaɓi da saurin numfashi kuwa, a kai shi likita a ranar.