Baƙon Ɗan Kasuwa da Rigimar Ciniki a Karkarar Arewacin Kano

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne halin da baƙon ɗan kasuwa yakan shiga idan rigimar ciniki ta haɗa shi da ɗan gari a karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau ƙasashen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Ɗambatta da maƙwabtansu. Baƙo a nan ba Bature kaɗai ake nufi ba. Har da mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya zo awon gero, da Buzu mai dabbobi, da Bayarabe ko Ibo mai sayen wake, da Ba'indiye ko ɗan ƙasar Sin mai neman riɗi da zoɓo. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba su da gona a wurin, ba su da dangi, ba su kuma da wanda zai ji kunyarsu.

Yanayin ƙasar

Wajibi ne a fara da ƙasar kanta, domin ita ce ta haifi al'adar. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano, ya bayyana ta da cewa yanki ne mai cunkoson zama, inda mutane suka wuce 350 a kowane murabba'in mil. Gona ba ta hutawa, kowace shekara ana noma ta, ana ciyar da ita da takin gida da wanda ake ɗaukowa daga birni. Babu ƙyallen ƙasa marar mai shi, har ɗorawa da tsamiya da ke tsakiyar gona an san na wane ne.

Wannan hali yana da sakamako ga ciniki. Manomi ba ya iya gudu, gonarsa ta ɗaure shi, kuma ko bayan shekara goma aka dawo za a same shi ko a sami 'ya'yansa. Baƙo kuwa yana iya ɗaure kayansa da asuba. Saboda haka, tun kafin a yi wata magana, baƙo ne ake ɗari-ɗari da shi, ko da shi ne mai gaskiya. Daɗin daɗawa, a ƙauyen da aure ya sarƙe gidaje, duk wanda ya halarci ciniki ɗan'uwan mai sayarwa ne, ko surukinsa, ko abokin gayyarsa. Ba lalle ne su yi ƙarya ba. Amma yin shiru ma ya isa ya kayar da mai ƙara.

Mai masauki da dillali

Hausawa sun daɗe da samo wa wannan matsala magani, shi ne mai masauki, wanda ake kira fatoma, tare da dillalansa. Baƙo yakan sauka a gidansa, ya ajiye kaya da kuɗi a hannunsa, shi kuma ya nemo masa mai saye ko mai sayarwa, ya yi tafinta, ya tsaya masa in an ba da bashi. Abin da mai masauki yake sayarwa a hakika shi ne mutuncinsa. Yana ara wa baƙo tushen da ba shi da shi, kuma yana ba ɗan gari wanda zai kama idan baƙo ya ɓace.

Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi. In an kai kayan har Barno, aka buɗe aka tarar da aibi, sai a mayar da su Kano, dillali ya nemo mai sayarwa, shi kuma dole ya mayar da kuɗin. Abin lura a nan shi ne mai sayen bai san masaƙi ba, bai kuma bukaci saninsa ba. Sunan dillali ya wadatar da shi.

Hausawa da kansu sun ci moriyar wannan tsari a inda suke baƙi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fatake masu kawo shanu daga Arewa suke sayar wa mahautan Yarabawa bashi, ba takarda, ba kotu, sai dai lamunin mai gidan da suka sauka a wurinsa. Polly Hill ta bayyana irin wannan a Kumasi. Ita ma Kano ta haɗiye baƙi da yawa ta wannan ƙofa: Agalawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Buzaye ne, sun zauna a karkara har suka zama manyan fataken goro, daga cikinsu kuma Alhassan Ɗantata ya fito.

La'adar da ake biya, ashe, ba kuɗin nuna hanya ba ce. Kuɗin ɗaukar alhaki ce, kuma Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan shi ne abin da 'yan kasuwar zamani da dama suka kasa ganewa. Wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun sa mutum yana iya zama a Maraɗi ko Legas ya ƙulla ciniki da wanda bai taɓa gani ba, yana murna ya tsira da la'ada. Ranar da kaya suka zo da tsakuwa a ƙasan buhu, sai ya waiwaya ya ga babu wanda zai kama.

Kafin rigima ta taso

Yawancin rigingimu tun ranar ciniki ake shuka su. A ɗauka, alal misali, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ba manomi a ƙasar Ɗambatta kuɗi da damina, a kan zai karɓi buhu 20 na riɗi da kaka. Kaka ta yi, farashi ya tashi, manomi ya kawo buhu 14 ya ce kuɗin da ya karɓa iyakar abin da suka saya ke nan. Ɗan kasuwa yana cewa buhu ya saya, manomi yana cewa rance ya karɓa. Mai yiwuwa ne babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya fahimta ke nan.

Fikihun Malikiyya, wanda alƙalan Kano suke hukunci da shi daga littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, ya san wannan ciniki, sunansa salam. Ya halatta shi bisa sharaɗin a ambaci nau'in kaya da siffarsu, da ma'auni, da lokacin bayarwa. A nan ne baƙo yakan yi tuntuɓe, domin buhu ba ma'auni ba ne tsayayye. Akwai buhu mai kwano 40, akwai wanda bai kai ba, kuma kwanon wata kasuwa ba na wata ba ne, balle a zo ga maganar tozo da shafe. Wanda ya san abin da yake yi yakan sa a faɗi adadin kwano ko kilo, a nuna kwanon da za a auna da shi, a ajiye samfurin ƙwayar a hannun mai masauki. In kuɗin sefa ne aka canza, a faɗi da wane kuɗi za a biya idan ciniki ya warware, domin darajar naira da damina ba lalle ta zama ita ce da kaka ba.

Sa'an nan rubutu da shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wannan kuwa babban sauƙi ne ga baƙo, domin neman a rubuta yana iya zama kamar zargi, amma in aka kira malamin unguwa ya rubuta, ko da ajami ne, ba wanda zai ce an raina shi. Ka'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Baƙon da ba shi da shaida, ke nan, ya miƙa dukiyarsa ga rantsuwar abokin cinikinsa. Shaidu kuma a zaɓe su: kada su zama yaran baƙon, kada su zama 'yan gida ɗaya da manomin.

Akwai tarko guda da ya kamata a keɓe shi da magana, shi ne karɓar jinginar gona. Manomi da ya rasa abin biya yakan ce ga gona. Sau da yawa gonar ta gado ce da ba a raba ba, kuma 'yan'uwa suna da hakkin shuf'a, watau su fanshi rabon da aka sayar wa bare. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana domin 'yan Nijeriya, kuma a 2017 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani Bajamushe kan fili a Kajuru ta Jihar Kaduna, ta yanke cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya cin moriyar wannan doka wajen mallakar fili. Ko da doka ta yarda ma, baƙon da ya raba gida da gonarsa a inda ƙasa ta yi ƙaranci ya sayi gabar ƙauye guda.

Idan ta riga ta taso

Tsani ne ake hawa, kuma tsallake mataki shi ne babban kuskure. Matakin farko mai masauki ko dillalin da ya ƙulla cinikin. Shi zai je, ba baƙon ba, kuma da dare zai je, ko bayan sallar asuba, inda ba idon jama'a. Dalili shi ne mai bashi yana iya jure talauci, amma ba ya jure a tozarta shi a ƙofar gidansa, iyalinsa suna ji. Mutumin da aka bar masa mutuncinsa yakan sayar da akuya ya biya. Wanda aka yi wa tsawa a kasuwa kuwa ya riga ya yi asarar abin da yake tsoron rasawa, sai ya tsaya kan musu, danginsa kuma su tsaya a bayansa. Haka nan kame dabba ko babur da ƙarfi yana mayar da mai bin bashi ya zama mai laifi.

In wannan bai yi ba, a cikin kasuwa sai shugabannin kasuwa. A Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke kan hanyar Katsina, wadda ta kafu a tsakiyar shekarun 1980, kowane sashe yana da shugabanninsa, kuma tsoron a daina hulɗa da mutum ya fi tsoron sammaci aiki. A ƙauye kuwa sai mai unguwa, daga shi sai dagaci, sa'an nan hakimi. Waɗannan ba su da ikon yanke hukunci irin na kotu, amma suna da abin da kotu ba ta da shi: sun san abin da kowa ya mallaka, da abin da ya girbe, da wanda yake jin nauyinsa. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ma tana yin sulhu a ƙananan hukumomi.

Sulhu ba ya cika ba mutum dukan hakkinsa. A misalin riɗin nan, abin da ya fi yiwuwa shi ne a ce manomi ya ƙara buhu uku yanzu, sauran ukun a jira kaka mai zuwa, ko a yafe wani abu. Ɗan kasuwar da ya saba da lissafin takarda zai ga an cuce shi. Amma ya kamata ya auna buhu uku da kuɗin zirga-zirgar kotu, da kuma cewa baɗi ma daga wannan ƙauye zai nemi riɗi. Sharaɗi guda ne kada a sassauta: a rubuta abin da aka amince, a sa rana, dagaci ya sa hannu.

Game da 'yan sanda, ma'aikatan gwamnati musamman ya kamata su riƙe wannan. Bashi da saɓa alkawarin ciniki ba laifi ba ne da ake tsare mutum a kansa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a kan irin wannan, sun kuma hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Zamba da cin amana su ne laifi, watau inda mutum ya karɓi kuɗi da yaudara, ko ya cinye abin da aka ba shi ajiya. Baƙon da ya sa aka kulle manomi a kan buhu shida yana iya tsintar kansa a gaban Babbar Kotu ana neman diyya daga gare shi. Shi ma in aka kai shi caji ofis a kan bashi, hakkinsa ne ya faɗi cewa maganar ta kotu ce, ya nemi beli da lauya, kada kuma ya sa hannu a takardar da ba a fassara masa ba.

Kotu ita ce matakin ƙarshe. Tun 2000 Jihar Kano take da kotunan shari'ar Musulunci a madadin kotunan yanki na da, kuma su ne mafi kusa da mutumin ƙauye, da Hausa ake magana a cikinsu. Wanda ba Musulmi ba ba a tilasta masa zuwa can, yana da kotun majistare da Babbar Kotu. A 2009 aka buɗe cibiyar sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun Kano, a 2019 kuma aka fara kotunan ƙananan basussuka, waɗanda aka tsara domin mutum ya shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba.

Takardu da kan iyaka

Saura abu guda da ya keɓanci wanda ba ɗan ƙasa ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga su zauna kwana 90 ba biza, amma zama na dindindin yana bukatar takarda, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Baƙon da takardunsa ba su cika ba ya ba abokin rigimarsa makami, domin barazanar kai shi ga jami'an shige da fice ta isa ta sa ya haƙura da hakkinsa. Siyasa ma tana iya raba mutum da kuɗinsa ba laifin kowa. An kori baƙi marasa takarda a 1983, an rufe iyakokin ƙasa a 1984, an sake rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A kowane karo akwai waɗanda kuɗinsu ke wannan ɓangare su kuma suna wancan. Waɗanda suka bar wakili ɗan gari, da takardar wakilci mai shaidu, an ci gaba da karɓar musu kaya ana adanawa a shagon mai masauki har hanya ta buɗe.